Kambama motsi a katun: tambayoyin da ɗaliban zane mai motsi suka fi yi

Matasan da ke koyon haɗa katun a Birnin Kebbi, Argungu da Jega kusan tambayoyinsu iri ɗaya ne da zarar sun nuna aikinsu na farko a gaban mutane. Wani an ce masa ɗan katun ɗinsa ya sandare, wani an ce nasa ya cika rawar kai, wani kuma an yi masa shiru, wanda ya fi duka ciwo. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na fara da na tushe. Tun yanzu in faɗi inda na tsaya: a cikin ayyukan ɗalibai da nake gani, waɗanda tsoron kambamawa ya kashe sun fi waɗanda yawanta ya ɓata.

Me ake nufi da kambama motsi?

A ɗauki abin da jiki yake yi da gaske, a ƙara masa ƙarfi har mai kallo ya gane shi ba sai an yi masa bayani ba. Mutum in ya firgita yakan ɗan ja da baya, ido ya buɗe. A katun sai a fara dunƙule shi ƙasa na ɗan lokaci, sannan ya zabura sama, wuya ya miƙe, hula ta bar kai ta biyo shi daga baya. Firgitar dai ita ce wadda kowa ya sani, an dai ɗaga muryarta ne.

A 1981 wasu tsofaffin masu zane biyu na kamfanin Disney, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka rubuta ƙa'idoji 12 da suka yi aiki da su tun shekarun 1930. Kambamawa ɗaya ce daga ciki. Sauran, irin su lotsewa da miƙewa, da yunƙuri kafin motsi, da tazarar da ke tsakanin zane da zane, su ne kayan aikin da ake yin ta da su, kuma kowanne yana da tambayarsa a ƙasa.

Me zai hana in kwaikwayi motsin mutum daidai yadda yake? Ba shi ne gwaninta ba?

An gwada tuntuni. A 1915 Max Fleischer ya ƙirƙiro wata na'ura a Amurka da ke haska hoton mutum mai motsi a kan gilashi, mai zane ya bi layin jikinsa firam bayan firam (firam shi ne hoto ɗaya daga jerin hotunan da ke haɗuwa su zama fim). Har yau ana amfani da dabarar. Amma masu sana'ar sun lura da wani abu tun da wuri: in aka bi layin sak ba ƙari, zanen yakan fito lagwai-lagwai, ba nauyi, ba kuzari, alhali mutumin da aka kwafa lafiyarsa ƙalau.

Dalilin shi ne zane yana zubar da abubuwa da yawa. Jijiyar da ke tashi a wuya, zufa, tattarewar fatar goshi, inuwar da ke sauyawa a kan tsoka, duk suna gaya wa ido cewa mutum yana wahala da kayan da ya ɗauka. Layi ɗaya na fensir ba ya ɗauke da ko ɗaya cikinsu. Dole a biya bashin ta wata hanya, kuma hanyar ita ce a ƙara lanƙwasar baya, a ƙara nitsewar gwiwa, a ƙara jinkiri kafin ɗagawa. Akwai kuma abin da injiniyan nan na Japan, Masahiro Mori, ya bayyana a 1970: abin da ya kusa zama mutum sak amma bai kai ba, yakan sa mai kallo jin wani iri, har tsigar jiki ta tashi. Ɗaliban da ke aiki da kwamfuta suna sauko da ɗan katun mai fata da gashi kamar na gaske sun fi kowa faɗawa wannan rami.

Ka tuna kuma da inda za a kalli aikinka. Ba a silima ba ne. A waya ne, mai tsagaggen gilashi wataƙila, bayan WhatsApp ya matse bidiyon ya cinye rabin kyansa, mutum huɗu sun haɗa kai a kansa a bakin shago. Ɗan ɗaga gira da ka ɓata yini kana gyarawa ba wanda zai gani.

Firam nawa ake bukata a daƙiƙa ɗaya?

Fim yana tafiya a kan firam 24 a daƙiƙa, talabijin ɗinmu kuma 25. Mafi yawan katun na hannu ana barin kowane zane ya zauna firam biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Katun ɗin Japan sau da yawa zane 8 ne, wani lokaci ƙasa da haka. Lissafa da kanka: daƙiƙa 10 a kan 12 zane 120 ne, minti ɗaya 720. Fara da 12. Yawan zane ba ya gyara motsin da aka tsara ba daidai ba, ƙara masa santsi kawai yake yi, kuma santsin nan shi ne ciwon da tambaya ta gaba ke magana a kai.

An ce ɗan katun ɗina "kamar cikin ruwa yake tafiya". Ina matsalar take?

A tazara. Ka buɗe aikin ka sa ɗigo a kan tsintsiyar hannu a kowane firam. In ka ga ɗigon sun jeru da tazara iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ka gano ciwon. Ba abin da ke motsi haka a duniya. Hannu yakan taso a hankali, ya yi gudu a tsakiya, ya rage kafin ya tsaya, don haka ɗigon su cunkushe a farko da ƙarshe, su warwatsu a tsakiya. Masu aiki da Blender, manhajar haɗa katun a kwamfuta, su ne suka fi shan wannan, domin in ka ba kwamfuta tsayuwar farko da ta ƙarshe ka ce ta cike tsakani, za ta cike maka da ladabi, komai sumul, komai a mace.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ƙwallo mai faɗowa. Abin da aka saka daga sama yana ƙara gudu ne a kan tsari: in ya ci taki 1 a zanen farko, zai ci 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu. Daga tsayin mita 1.2, kusan ƙirjin babban mutum, rabin daƙiƙa yake ɗauka ya taɓa ƙasa, wato firam 12. Ɗalibai da yawa suna ba shi 24 ko fiye, shi ya sa komai nasu yake saukowa kamar ba ya so. In ka iya wannan, sai ka fara wasa da shi: ka riƙe abin a sama firam biyu fiye da ƙima, ka sako shi da gudu fiye da ƙima. Nan kambamawa take farawa, tun kafin a taɓa siffar jiki.

Ni kuma cewa aka yi nawa "bai da ƙashi". Ba lotsewa da miƙewa aka ce mu yi ba?

An ce, amma da sharaɗi biyu. Na farko, girman jiki ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. In ya lotse ya gajarta, to ya yi faɗi. In ya miƙe ya yi tsawo, to ya sirance. Na biyu, ba ko'ina ke lotsewa ba. Ƙoƙon kai ƙashi ne, kumatu da haɓa su ne nama. Mutum in ya diro daga katanga, gwiwa da ƙugu da gadon baya su ne ke naɗewa, ƙwauri ba ya lanƙwashewa.

Sannan lotsewa mai tsanani ba a barinta ta daɗe. Firam ɗaya ko biyu, ta koma. Ido ba ya ganinta sosai, jin ta yake yi. In ka tsayar da tsohon katun ɗin Amurka a tsakiyar gudu za ka ga zanen da ba ya kama da komai, fuska ta ja ta yi tsawo, hannu ya zama uku. Chuck Jones, wani mai haɗa katun a Amurka, ya yi fice da irin wannan jan zane tun 1942. A cikin gudu ba ka lura da shi, sai dai ka ji motsin ya yi zafi. Wanda ya bar irin wannan zane firam shida, shi ake ce wa ya yi ɗan roba.

Mene ne yunƙuri, kuma me ya sa ake yawan ce min babu shi a aikina?

Je ka filin dambe ka zauna kusa, ka bar kallon wanda zai faɗi, ka kalli wanda zai kai naushi. Ya tsaya a karkace, hannun da ba a naɗe ba yana gaba, tafi a buɗe, yana auna nisa yana tsokana. Hannun da aka naɗe da kara yana can baya, ƙasa-ƙasa. Kafin ya sake shi, nauyinsa duka yakan koma ƙafar baya, kafaɗa ta ƙara juyawa, wani lokaci har diddigen gaba ya ɗan ɗaga. 'Yan kallo sun riga sun san naushi na zuwa, shi ya sa ihu yakan fara tun hannu bai tashi ba. Naushin kansa kuwa ƙiftawar ido ne. Da yawa ba sa ganinsa, faɗuwar kawai suke gani.

Haka za ka raba firam ɗinka. Ja da baya ya ci kamar 8 zuwa 12, naushi 2 ko 3, sannan ka bar jikin ya wuce inda ya nufa, ya yi tangaɗi, ya dawo ya daidaita. Ɗalibi yakan yi akasin haka: ba ja da baya ko kaɗan, sai hannu ya yi tafiyar firam 15 a natse har ya isa haɓar abokin karawa, shi kuma ya kwanta a hankali. Ba mai jin zafin wannan naushi.

Ƙa'idar ba ta faɗa kaɗai ba ce. Mai tashi daga tabarma sai ya sunkuya gaba ya dafa gwiwa. Mai daka sai ta ɗaga taɓarya sama, har dugaduganta su bar ƙasa, kafin ta sauke. Mai atishawa sai kai ya koma baya. Duk inda za a yi gaba, an ɗan yi baya tukuna, kuma gwargwadon girman yunƙurin gwargwadon ƙarfin da mai kallo zai ji. In ana son dariya, a yi babban yunƙuri a biyo shi da ƙaramin abu: mutum ya naɗe hannun riga, ya ja numfashi, ya tako da ƙarfi, sannan ya kashe sauro ɗaya.

Yaya zan nuna cewa abu yana da nauyi?

Kusan duk ɗalibin da ya fito daga Argungu sai ya gwada zana bikin kamun kifi, kuma ina jin daɗin hakan, domin abu ne da ya gani da idonsa a Matan Fada: masunta sun jeru da homa da gora, a ba da alama, su kwasa a guje su afka ruwa. Gudun yakan fito da kyau. Inda ake faɗuwa shi ne wurin fito da giwan ruwa. Sai ka ga masunci ya sunkuya ya ɗauki kifin da ya kusa kai shi tsawo, ya miƙe tsaye cak, ya taho yana murmushi. Kifin ya zama hoton kifi.

Nauyi ba a jikin kifin ake zana shi ba, a jikin mai ɗauka ne. Ya ware ƙafa. Ya gwada ɗagawa sau ɗaya abin ya ƙi. Ya gyara riƙo, ya sa hannu ta marfin kunnen kifin, ya nitse ƙasa, sannan ƙugu ya fara tashi kafin kafaɗa, hannuwa a miƙe kamar za su tsinke, kifin shi ne na ƙarshen barin ƙasa. Da ya hau kafaɗa, gwiwoyi su sake nitsewa, jiki ya karkace ɗaya gefen don kada ya kife, taku ya gajarce, ƙafa ba ta nisa da ƙasa, wutsiyar kifin tana lilo a baya, tana makara da firam biyu ko uku bayan kowane taku. Yanzu kambama: ƙara karkacewar, sa ƙafafu su nitse cikin laka, bar shi ya yi taku biyu baya kafin ya iya yin ɗaya gaba. Duk ƙarin nan a kan abin da ke faruwa da gaske aka gina shi, shi ya sa masunci in ya gani zai yi dariya ya ce haka ne.

Kafin ka zana, ɗauki jarkar ruwa mai lita 25 a cike ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo. Ba don ka kwafa ba, an yi bayanin illar hakan a tambaya ta biyu. Don ka ga wace gaɓa ce ke fara motsi.

To ina iyakar abin? Yaushe kambamawa take zama hauka?

Lokacin da komai ya zama babba. In gaisuwa da tsalle, shan ruwa da tsalle, jin mutuwa ma da tsalle, aikin ya zama kamar kasuwar da kowa ke kiran ciniki lokaci guda, ba ka jin na kowa. Babban motsi yana samun ƙarfinsa ne daga natsuwar da ta gabace shi. A kowane fage ka tambayi kanka abu ɗaya da kake so a gani, ka tura wannan, ka rage sauran.

Kuma ba sauri da faɗi kaɗai ake kambamawa ba. Ana kambama sanyin jiki. Yaron da aka aika da kuɗin cefane ya yar, yana dawowa gida: kafaɗu sun zube fiye da yadda za su zube da gaske, taku ya yi guntu, ya tsaya a bakin zaure ya daɗe, hannu ya tashi zai ɗaga labule ya fasa. Ba abin da ya lotse, ba abin da ya miƙe, amma an tura shi matuƙa. Shawarata ga mai koyo ita ce ya fara wuce gona da iri da gangan, sannan ya rage. Ragewa aikin minti kaɗan ne. Wanda ya fara a tsorace kuwa, ko an ce ya ƙara, ɗan kaɗan yake ƙarawa, a dawo a sake ce masa ya ƙara.

Wannan salon ba na Turawa ba ne? Wasu sun ce aikina kwaikwayon Tom and Jerry ne kawai.

In idanun ɗan katun ɗinka suna fitowa waje su koma, harshe ya zube ƙasa, ƙafafu su yi ta juyawa a iska kafin gudu, to masu faɗin haka sun yi gaskiya. William Hanna da Joseph Barbera sun fara wannan kyanwa da ɓera a 1940, kuma sun kai salon inda ba za ka riske su ba. Abin koyo a wurinsu lissafin lokaci ne. Barkwancin kuwa nasu ne.

Kambamawa kanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mai ba da tatsuniya in ta zo kan Gizo har murya da kafaɗa take sauyawa. Yaran tashe da gemun auduga da tulun ciki na tsumma, suna tafiyar tsofaffi, me suke yi in ba wannan ba? Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, da ido da wuya da tsayuwa yake sa mutane dariya kafin ya buɗe baki. Kuma a maƙwabtanmu Nijar an yi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara katun a Afirka, ya kuma daɗe da zama a Tawa. Da kwaɗi ya yi suna. A 1966 ya yi ɗan gajeren fim a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, yana shaguɓe ga shugabannin lokacin, da layuka 'yan kaɗan. Kayan aikinsa ba su kai na wayar da ke aljihunka ba.

Mutanena suna sanye da babbar riga da hijabi, gaɓoɓi ba sa fitowa. Yaya zan yi?

Darussan intanet kusan duka da ɗan katun mai matsattsun kaya ake yin su, don haka wannan sai ka koya da idonka. Fara zana jikin a ƙarƙashi, ka tabbatar tafiyar ta yi daidai, sannan ka ɗora tufa. Tufa ba ta motsi da kanta. Jiki ke janta, tana makara, in jiki ya tsaya ita sai ta wuce kaɗan ta dawo.

Riba ce ma babba. Dubi magidanci in zai yi magana mai muhimmanci, yadda yake tattara hannun riga ya aza a kafaɗa, ɗaya bayan ɗaya. In ransa ya ɓace, da fizga yake yi. In fahariya ce, a hankali, yana kallon gefe. Yarinya in ta juya da fushi, hijabin yakan zagayo bayan ita ta gama juyawa. Ga gwaji mai sauƙi: cika ɗan katun ɗin da baƙi gaba ɗaya ya zama inuwa. In har ana gane abin da yake yi, tsayuwar ta yi. In ya zama dunƙulen baƙi, fito da hannu daga jikin rigar, karkata kai, buɗe tsakanin haɓa da ƙirji.

Bakin ba ya tafiya daidai da magana. Akwai dabara?

Kada ka bi harafi-harafi, bakin zai yi ta karkarwa. Bi inda murya ta yi nauyi, ka buɗe baki sosai a nan, sauran ka wuce su. A kan m da b leɓɓa su haɗu, su zauna aƙalla firam biyu, in ba haka ba ido ba zai kama ba. Siffar baki ta riga sauti da firam ɗaya ko biyu. Kuma ka yi hattara da jadawalin baki da ake saukowa da shi daga intanet, don Turanci aka yi shi: yana nuna haƙora a kan leɓen ƙasa wurin f, alhali Bahaushe da leɓɓa biyu yake yin ta, mu nan Kebbi ma sau da yawa "tahi" da "hwaɗi" muke cewa. Sa madubi a gabanka. Amma kafin duk wannan, rufe bakin gaba ɗaya ka ga ko kai da kafaɗa da hannu suna faɗin maganar.

Abokaina sun ce "ya yi wallahi", malamina ya ce da saura. Wa zan saurara?

Abokai suna yaba maka ne, ba aikin ba. Mamaki suke yi cewa wanda suke shan shayi tare ya sa zane ya motsa, kuma mamakin na gaskiya ne, sai dai ba zai gyara maka komai ba. Masu zuba alamar wuta a Facebook ma haka.

'Yan kallon da suka fi amfani su ne waɗanda ba ruwansu da ranka: ƙannenka da tsofaffin gida. Kashe sauti, miƙa musu wayar, kada ka ce komai, ka kalli fuskarsu maimakon allon. In ƙaramin yaro ya ce a sake sa masa, wani abu ya yi. In Inna ta ce, "Wanga yaro mi ya same shi, ciwon baya gare shi?" alhali kai tafiyar ƙasaita ka nufa, ta ba ka gyaran da ya fi na kowa, ko da ba ta san sunan ko ɗaya daga ƙa'idojin nan ba. Mai kallo kusan kullum yana da gaskiya in ya ce wani wuri bai yi ba. Maganin da zai ba ka ne ba lallai ya zama daidai ba, wannan aikinka ne kai da malaminka. "Kamar gunki" yana nufin ba yunƙuri, ba motsin da ke biyo baya. "Kamar cikin ruwa" tazara ce. "Bai da ƙashi" an yi bayaninsa a sama. "Ban gane me yake yi ba" kuwa a koma gwajin inuwa.

Ni ne ake kawo wa aiki in duba. Yaya zan yi gyara ba tare da na kashe wa yaro gwiwa ba?

Tambaye shi tukuna me ya nufa, don kada ka gyara abin da ba shi yake nema ba. Sannan ka zaɓi abu biyu, mafi girma, ka bar sauran sai wani zuwan. Faɗi lambar firam: "daga 30 zuwa 42 hannun yana tafiya da gudu ɗaya" ya fi "ka ƙara rai a ciki" sau goma. In za ka iya, zana a kan nasa ka nuna masa iyakar inda tsayuwar za ta iya kaiwa, domin yawanci bai san an yarda a kai can ba. Kada ka taɓa yatsu da gira alhali ƙugu bai daidaita ba. Kuma in a gaban 'yan'uwansa ne, tashi tsaye ka yi motsin da jikinka. Za su yi maka dariya, shi kuma zai daina jin kunyar yin hakan a ɗakinsa.

Ba ni da babbar kwamfuta. Da me zan fara?

Da abin da ke hannunka. FlipaClip yana aiki a waya, yana kuma nuna inuwar zanen da ya gabata, wanda shi ne abin da ake bukata don auna tazara. A kwamfuta akwai Pencil2D da Krita da OpenToonz, duk kyauta. Blender ma kyauta ne tun 2002, yana yin zanen hannu yana yin mai siffa uku, kuma fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025 da shi aka yi, ba kalmar magana ko ɗaya a cikinsa. Da yanayin wutarmu, kada ka ɓata caji wurin fitar da bidiyo mai haske da inuwa kullum. Duba motsin a toka-toka, ba launi, har sai ya yi.

Iyayena suna tambaya game da hukuncin zana mai rai. Me zan ce musu?

Wannan ta malamai ce, ba ta masu zane ba. Akwai hadisai masu tsoratarwa a kan sura, akwai kuma hadisin 'yan tsanan da Nana A'isha take wasa da su, kuma malaman zamani sun yi saɓani a kan katun, musamman na koyar da yara. Ku je tare da mahaifinka wurin malamin da gidanku ya yarda da shi, ka nuna masa ainihin abin da kake yi. Ta fuskar koyo dai, ƙwallo da buhu da akwati sun isa a koyi lokaci da tazara da yunƙuri da nauyi, ba sai an zana fuska ba.

Wane irin aiki zan yi na nunawa a ƙarshen koyo?

Gajere. Ɗalibi yakan zo da labarin yaƙin Kanta na minti 20, da dawakai da ganuwar Surame, ya ƙare da fage ɗaya da rabi da bai gamu ba. Koma tambayar firam ka sake lissafin. Daƙiƙa 10 zuwa 15, ɗan katun ɗaya, bango fari, abu ɗaya da yake so da abu ɗaya da ya hana shi.

Bi wannan jeri kafin ka kai can: ƙwallon roba da dutse suna faɗowa tare, sai buhun da aka cika rabi da gero yana tsalle, yana jin kunya, yana fushi, ba ido ba baki. Masu zanen Disney da buhun fulawa suka yi wannan atisaye. Sai tafiya, taku ɗaya firam 12, a yi ta ta saurayi, a sake ta ta tsoho mai sanda, a sake ta ta mai tallar fura da ƙwarya a ka. Sai ɗaukar kaya mai nauyi. Sannan aikin nunawa, kuma ka yi shi kashi biyu: ɗaya yadda ka ga ya dace, ɗaya ka tura shi har ka ji kunya. Kai su duka biyun wurin ƙannenka, sauti a kashe, ka tambaye su wanne za a sake sawa.